Alli ko albashi: ga wanda ya gama kimiyyar kwamfuta yana tsaye a mararraba

Ranar wata Asabar bayan la'asar ɗiyar yayata ta iske ni a ƙofar gida a Aboabo, ina shan iska a kan benci. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta yi shiru irin wanda ka san akwai magana a bayansa. Can ta ce, "Kawu, abu biyu ne suka zo mini lokaci guda, na rasa na kamawa."

Ta gama kimiyyar kwamfuta a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Gana, wadda duk Kumasi ke kira Tek, da sakamako mai daraja ta ɗaya, tana kuma ƙarasa shekarar hidimar ƙasa a sashensu tana taimaka wa malamai. Shugaban sashen ya kira ta ofis ya ce ta tsaya ta yi digiri na biyu, MPhil, in Allah ya yarda ta zarce na uku ta zama malamar jami'a. A cikin makon kuma wani kamfani a Akra mai harkar tura kuɗi ta waya ya aiko mata da takardar ɗaukar aiki, yana jiran amsa cikin kwana 14.

Ba don na fi kowa sani ta zo wurina ba, sai don na taka hanyoyin biyu. Na yi shekara shida ina rubuta manhaja a wani kamfani a Akra, Ankara inji tsofaffinmu, kafin na koma karatu, yau kuma na haura shekara goma ina koyarwa. Kowace shekara wannan tambayar tana dawo mini daga bakin yaran Zango, daga Asawase, Sawaba, Nima da Madina, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na faɗa mata.

Da kuɗi muka fara, don shi mahaifiyarta za ta fara tambaya, kuma tana da haƙƙi. Da cinikin waake Yaya ta biya kuɗin makarantar nan, tun asuba tana gaban tukunya. A nan babu wani ɓoye-ɓoye: kamfani ya fi. Daga watan farko za a biya ta, kuma in hannunta na da kyau, cikin shekara uku za ta iya wuce abin da lakcara ke ɗauka. Sai dai Akra ma tana da baki. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi hayar da ta wuce wata shida a gaba, amma je ki nemi ɗaki a Madina ko Adenta ki ji: shekara ɗaya ko biyu za a ce ki ajiye. Ga kuɗin trotro, motar haya, safe da yamma cikin cunkoso, ga abinci na saye. A Kumasi kuwa a ɗakin uwarta take kwana, tuwon gida take ci, mota ɗaya za ta kai ta Tek Janshin. Duk da haka in an cire an tara, wanda ya tafi Akra shi ke da saura a aljihu.

Hanyar jami'a tsani ce mai tsawo, kuma matakan farko da kuɗinka kake hawa. MPhil shekara biyu ne, galibi ɗalibi ke biya wa kansa. In ka gama, abin da za ka iya samu shi ne mataimakin lakcara, domin manyan jami'o'in gwamnati yanzu digiri na uku suke nema kafin su kira mutum cikakken lakcara. Shi kuma na ukun shekara uku zuwa huɗu ne a gida ko a Ingila, biyar zuwa shida a Amurka. Wato mai shekara 23 yau sai ya kai 30 ko ya ɗan wuce kafin ya zauna a kujerar da yake hange. Ko ya kai ɗin ma, jami'a ba ta ɗaukar mutum don sashe na buƙatarsa kawai, sai ma'aikatar kuɗi ta ba da izini. Na san waɗanda suka koyar shekara biyu a matsayin na wucin gadi suna jiran wannan izinin. Daga nan sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa, kowane mataki da adadin rubuce-rubucen da ake ƙirga maka.

Albashin kansa yana cikin tsarin bai ɗaya da gwamnati ta fara aiki da shi a 2010, ga alawus ɗin littattafai da bincike da ake biya sau ɗaya a shekara, in ya zo a kan lokaci a yi hamdala. Wanda ke son sanin yadda malamai ke kallon albashinsu ya tuna Janairun 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i, UTAG, ta shiga yajin aiki na makonni, tana neman a mayar da albashin sabon lakcara kan darajar da aka yanka masa a 2012, sama da dala 2,000 a wata. Shekarar ce kuma sidi ta zube: an shiga da dala ɗaya a wajen sidi 6, kafin Nuwamba ta haura 14, a Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. A wannan shekarar na daina sayen nama kullum. Tsofaffin ɗalibaina masu yi wa kamfanonin waje aiki daga ɗakunansu, ana biyansu da dala, su ne suka riƙa biya mini kuɗin shayi in mun haɗu.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Aikin waje ba ya zuwa ga wanda ya fito makaranta jiya, sai wanda ya goge, kuma ana iya yanke shi da saƙo ɗaya. A 2025 ma sidi ta farfaɗo daga wajen 15 zuwa wajen 10, masu dalar suka wayi gari kashi ɗaya cikin uku na kuɗinsu ya narke ba tare da an rage musu ko kwabo ba. Kowa kuma ya ga abin da ya faru da Twitter: a 2021 suka sanar cewa a Gana za su kafa ofishinsu na Afirka, aka yi ta murna, ofishin ya buɗe a farkon Nuwamban 2022, cikin 'yan kwanaki sabon mai kamfanin ya sallami kusan kowa. Ni kaina na ɗanɗana irin wannan a ƙaramin mataki. Kamfanin da nake ya rasa wata babbar kwangila, muka yi wata uku ana ce mana "mako mai zuwa", ran wata Juma'a bayan masallaci aka miƙa wa mutum tara ambulan. Ba na cikinsu, amma daga ranar ban ƙara barci mai nauyi ba. Jami'a ba ta yi maka haka. Kuɗin kaɗan ne amma yana zuwa, akwai fansho, akwai hutun shekara guda na bincike bayan wasu shekaru, ritaya a 60, kuma manyan malamai sukan samu kwantiragi bayanta. Furfura a jami'a jari ce. A kamfanin manhaja kuwa, mai shekara 45 da bai zama shugaba ba yana gasa ne da yaron da ya fi shi sanin sabon kayan aiki kuma ya fi shi araha.

Abin da ɗalibai suka fi jahilta shi ne yadda ranar malami take. Suna ganin mutum ya shigo aji ya yi awa biyu ya fita, sai su ɗauka sauran ranar tunani yake yi. Tun da aka fara sakandare kyauta a 2017 jami'o'i suka cika, kuma kowa kwamfuta yake so. Akwai zangon da na koyar da aji mai mutum fiye da 400. Bayan jarrabawa takardun sukan zo ɗaure da igiya kamar dammunan dawa, in jera su a tsakar ɗaki, in zauna a tabarma da jan biro ina bin manhajar da aka rubuta da hannu, layi bayan layi, ina zama kwamfutar da kaina. Wani ya buɗe alamar baka-biyu bai rufe ba, wani rubutunsa kamar kaza ta bi ta kan tawada. Kwana goma sha ina wannan. Ƙara da ɗaliban ajin ƙarshe goma sha biyar da kake duba aikinsu, rabinsu yanzu ChatGPT ya rubuta musu sai ka titsiye su da tambaya kafin gaskiya ta fito, ƙara da taron kwamiti da ba ya ƙarewa. Binciken da aka ɗauke ka dominsa, wanda kuma da shi za a ƙara maka girma, sai bayan isha'i ko lokacin hutu.

Ranar mai aikin kamfani ta fi wannan tsari, ta kuma fi shi zafi. Da safe a tsaya a tsaye kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Aiki a yanke yake ƙanana-ƙanana, kana gama ɗaya wani na jira. A harkar kuɗi kuwa babu dare: jajibirin Sallah ƙarfe biyu waya za ta tashe ka, kuɗin mutane sun maƙale a hanya. Amma akwai daɗin da ban taɓa samu a jami'a ba. Abin da ka rubuta ranar Talata, ranar Alhamis mai sayar da koko a Alabar tana karɓar kuɗinta da shi. Kuma a shekara biyu na kamfani za ka koyi rubuta manhajar da ba ta faɗuwa fiye da abin da digiri biyu za su koya maka. Wannan gaskiya ce da abokan aikina ba sa son ji.

Bambancin da ya fi nauyi a wurina shi ne mai tambayar. A kamfani tambayar ta mai kamfani ce: yaya za mu rage daƙiƙa biyu, yaya za mu kama masu damfara. Tambayoyi ne masu kyau, amma ran da suka daina kawo riba an rufe su. A jami'a, duk da tarin takardun nan, ba mai hana ka bin tambaya ɗaya shekara goma.

Nan ne na tambaye ta ko tana da tata. Sai ta yi dariya ta ciro waya. Ta ce akwai saƙon murya da Hajiya, kakarta, ta aiko mata a WhatsApp, tana faɗa mata a sayo mata magani a Kejetiya kuma kada a manta da sunan jikar maƙwabciya ranar Lahadi. Ta saka saƙon a wata manhaja mai mayar da magana rubutu, wadda aka ce ta iya Hausa. Ta nuna mini abin da ya fito. Gaisuwar farko ce kawai daidai, sauran wani yare ne da ba a taɓa yi a duniya ba. Hajiya "yarinya ya zo" take cewa, ba ta raba mace da namiji a magana, ƙ da k duk ɗaya ne a bakinta, kuma cikin jimla guda za ta jefa Twi, harshen Asante, ta jefa Turanci ba ta ko lura ba. Manhajar kuwa da Hausar rediyo da ta jaridun Kano aka horar da ita. Yarinyar nan ta riga ta naɗi muryar tsofaffi goma sha ɗaya a unguwa, tana rubuta maganarsu da hannu da daddare, ba wanda ya sa ta. Babu kamfanin da zai biya ta wannan a Akra, don Hausar Zango ba kasuwa ba ce a idonsu. A jami'a kuwa wannan kundin digiri ne, har na uku.

Na gaya mata kada ta ɗauka binciken ma shimfiɗa ce. Horar da irin waɗannan manhajoji yana son injuna masu tsada da yawancin sassanmu ba su da su. Sannan akwai wani ruɗani na fanninmu: a duniyar kimiyyar kwamfuta manyan taruka ne ake ji da su, maƙalar da ta shiga NeurIPS ko ACL ta fi ta mujallu da yawa wuyar samu, amma kwamitin ƙarin girma, wanda masana sinadarai da noma ke zaune a ciki, mujalla ya sani. Wannan ne ke tura wasu ga mujallun bogi masu karɓar kuɗi su buga ko mene ne cikin mako guda. In ma an karɓi maƙalarka, saura tikiti da biza. A 2018 da 2019 Kanada ta hana masu bincike 'yan Afirka da dama bizar zuwa NeurIPS. Sai dai ƙasa ta ɗan motsa. Google ta buɗe cibiyar binciken ƙirƙirarriyar basira a Akra a 2019 ƙarƙashin Moustapha Cissé ɗan Senegal, cibiyar lissafi ta AIMS tana Gana tun 2012, ƙungiyar Masakhane ta haɗa masu aikin harsunan Afirka daga ƙasashe da yawa, a 2023 kuma aka yi babban taron Deep Learning Indaba a Jami'ar Gana da ke Legon. Lokacin da na fara, ko ɗaya daga cikin waɗannan ba mu da shi a kusa.

Duk wanda ya tsaya a wannan mararraba sai an ambata masa Farfesa Nii Narku Quaynor, kuma ya cancanta. Ɗan Akra ne, ya yi karatu a Dartmouth a Amurka, ya samu digirin digirgir a kimiyyar kwamfuta a Stony Brook a 1977, ya yi aiki da kamfanin Digital Equipment Corporation. Shi ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Cape Coast a 1979, kuma kamfaninsa, Network Computer Systems, shi ya jona Gana da intanet sosai a 1995, tana cikin na farko-farko a yankinmu. Ya karɓi lambar yabo ta Jon Postel, wadda ake bai wa masu yi wa intanet hidima, a 2007, a 2013 aka sa shi cikin jerin gwarazan intanet na duniya. Kafinsa akwai Farfesa Francis Allotey, wanda ya gama digirin digirgir a Princeton a 1966, ya dawo Kumasi, ya zama shugaban farko na cibiyar kwamfuta ta Tek, ya rasu a 2017. Masu son kamfani sukan ce ai Quaynor da kamfani ya kawo intanet. Masu son jami'a su ce ai farfesa ne. Ni abin da nake gani a tarihinsa jeri ne: ya gama karatun har ƙarshe tukuna, sannan ya goge a masana'anta, sannan ya haɗa biyun. Bai fara da haɗawa ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma na ga masu yawa da suka ce za su riƙe aikin Akra suna MPhil a ƙarshen mako. Kwasa-kwasan sukan wuce, kundin ne ke kwana shekara biyar a babi na uku.

Akan ce wai a tafi kamfani a tara kuɗi shekara biyu sannan a dawo karatu. A takarda shawara ce mai kyau. A Zango kuwa albashinka na farko ba naka ba ne. Wata uku da fara aiki ka zama mai biyan kuɗin makarantar ƙanne biyu, da maganin hawan jinin Baba, da gudummawar kowane aure da suna da addu'ar arba'in. Ran da ka ce za ka ajiye aiki ka koma ɗalibi, ba kai kaɗai za ka koma talauci ba, gida guda ne. Ni na yi, kuma na san abin da ya ci mini. Ɗaya ƙofar ta fi sauƙin turawa: mai MPhil ko digirin digirgir da bai bar hannunsa ya yi sanyi ba, kamfani zai ɗauke shi ko yaushe, wani lokacin ma a kujera mafi tsayi. Sharaɗin shi ne hannun. Malamin da ya shekara takwas yana koyar da manhaja daga tsohon littafi bai rubuta ta gaske ba, babu mai ɗaukarsa.

Ga 'ya mace akwai ƙarin lissafi, kuma ban ɓoye mata ba. Shekarun digiri na uku su ne shekarun da gwaggonni ke fara ƙirga mata. In karatun waje ne, wa zai bi wa? A ɗaya gefen, bayan an haye, aikin jami'a ya fi na kamfani haƙuri da mai goyo nesa ba kusa ba: akwai hutun zango, kuma babu mai tashinki ƙarfe biyun dare. Na ga mata da suka yi aure a tsakiyar karatun suka kuma gama. Abin da ya raba su da waɗanda suka tsaya a hanya, kusan kullum, mijin da aka yi maganar da shi tun kafin a kai goro.

Girma kuwa, mu mutane ne masu girmama malami. Har yau ana ambaton Alhaji Umaru na Karaci, babban malamin garin Kete Krachi na nan Gana, wanda ya rasu a 1934, ba a ambaton attajiran zamaninsa. In an ce "Dakta" a Aboabo za a matsa maka a sahun gaba. Yana da daɗi, ba na musu, amma mai gidan haya ba ya karɓarsa. Wanda sunan kawai yake so, hanyar nan ta yi masa tsawo.

To wa ya kamata ya tafi ina? Wanda gida ke jiransa yau, babu wani mai ɗauke nauyin, ya tafi aiki ba tare da jin kunya ba, ya kuma zaɓi kamfanin da ke da manyan da za su duba aikinsa su gyara masa, ko da albashin ya ɗan gaza na wani. Haka wanda daɗinsa shi ne ya ga abu ya tashi yana aiki, karatun maƙala kuwa barci yake sa shi. Haka ma wanda ke son MPhil don bai san abin da zai yi ba, wannan ɓuya ce mai tsada. Mai tsayawa shi ne wanda ke da tambayar da yake bi ko ba a sa shi ba, kuma gida zai iya jure rashin kuɗinsa na wasu shekaru. Ko shi ma kada ya biya wa kansa digiri na uku. A Amurka sashen ne ke biyan ɗalibi yana koyarwa ko yana bincike, akwai kuma tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus. Na biyun ne ake iya daurewa a biya a gida.

Ita dai na ce mata ta tsaya, amma da sharaɗi. Yayanta yana aiki a Tema, Yaya kuma har yanzu da ƙarfinta, saboda haka gida zai iya jira. Na ce ta koma wurin shugaban sashen da tambaya uku, ta yi su cikin ladabi amma kada ta fito sai da amsa. Wane ne takamaimai zai duba aikinta, kuma ɗalibansa nawa suka gama a kan lokaci cikin shekara biyar da suka wuce? Akwai tallafin bincike da za a sa ta a ciki, ko alkawarin baka ne? Kuma zai yarda ta yi aikin Hausar Zango, ko yana da nasa da yake neman mai ɗaukar masa kaya? In biyu daga cikin ukun suka fito ba daidai ba, ta hau motar Akra a Asafo, ta riƙe muryoyin tsofaffinta, ta nemi tallafin waje daga can.

Ta rubuta tambayoyin a bayan ambulan ɗin kamfanin. Ta miƙe za ta tafi sai Hajiya ta leƙo daga zaure tana tambayar ko an sayo maganin. Yarinyar ta ce, "Hajiya, tsaya, sake faɗa," ta danna wayar ta miƙa mata kusa da baki.